Ƙwayar Aro

Rumfata taku uku ce a bakin ruwan Kochi,
tsakanin mai sayar da citta da mai gyaran agogo.
Ba na sayar da komai. Ɗauri nake yi.
Abin da ya tsinke a hannun mai ibada
shi ake kawo mini, ƙulle cikin hankici.

Biran masunci kan zo bayan asuba,
gishirin teku ya cinye masa zare.
Talatin da uku ne, in ji shi, kada ka rage ko ɗaya.
Damodaran, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa,
nasa ɗari da takwas, na itacen tulasi.
Ba ya bari manuniya ta taɓa su,
in ya kai babbar ƙwaya ba ya tsallake ta,
sai ya juyo, kamar ɗalibin da ya iso ƙofar malaminsa
ya ja da baya don ladabi.

Ban san duk abin da suke faɗi ba.
Na dai san inda ƙwaya ta yi sulɓi,
na san mai gaggawa, na san mai jan ƙafa,
na san hannun da aka yi wa rashi bana:
zarensa kan yi baƙi da wuri.

Shekarar da ruwa ya shigo gari har gwiwa
Eliyamma ta zo da karyayyar lema,
ɗanta Kuriyan kwana shida a teku, shiru.
Ta zazzage nata a faranti, gicciyen ya yi ƙara.
Na ƙirga. Na sake ƙirgawa.
Hamsin da takwas. Ɗaya ta bi ruwa.

Kasuwa a rufe, an ɗauke wuta.
Na laluba gwangwanin da nake tara marayu,
ƙwayoyin da suka rabu da 'yan'uwansu,
na tsinto ɗaya, 'yar itacen zaitun,
daga carbin wani alhaji da ya rasu bai zo karɓa ba.
Ta ɗan fi sauran kauri.
Na zura ta a tsakani, na ƙulle,
bakina ya yi nauyi. Ko kuɗin ban karɓa ba.

Shekara tara ina kauce wa layinsu.

Jiya sai ga ta, kai ya yi fari fat,
zaren ya sake tsinkewa.
Na ce, Uwa, akwai laifin da zan faɗa.
Ta ce, ta ashirin da bakwai?
Tun daren farko yatsana ya gane baƙuwa ce.
Ka san yadda baki ke addu'a, zuciya na kasuwa,
tana awon shinkafa, tana cacar baki da maƙwabciya?
To, duk sanda na iso kanta sai in yi tuntuɓe,
in farka, in tuna a gaban Wa nake.
Sauran sun saba da ni, suna ƙyale ni in wuce.
Ita kaɗai ke tare ni da tambaya.
Ka mayar mini da ita inda take.

Ban tambayi labarin Kuriyan ba.
Ita ma ba ta ɗauko ba.
Na lashi bakin zare, na fara zurawa,
tana ƙirgawa tare da ni, leɓenta na motsi,
mai agogo na can yana faɗa da wani agogo
da ya ƙi yarda da lokacin gari.

An ce wanzami ba ya son jarfa:
shekara arba'in ina ɗauri, ba ni da nawa.
Amma in na ja ƙyauren rumfa da dare
nakan tsoma hannu cikin gwangwanin nan,
na zaitun, na tulasi, na gilashi, na ƙashi,
kowacce da ɗumin yatsan da ya bar ta.
In ɗauki ɗaya a duhu, ban san ta wa ba,
in riƙe ta,
har numfashina ya zauna.